Ajin da Aka Ƙwace Mini

A shekarun da aka zaftare wa ma'aikata albashi, lokacin da kowa a Garwa ya koyi yin magana ƙasa-ƙasa, aka ɗauke ni ƙaramin malami a wata babbar makaranta da ke horar da malaman gona. Darasin da aka ba ni shi ne ilimin ƙasar noma: yashi, jigawa, laka, abin da kowace ke so da abin da ba ta so. Na yi murna ƙwarai, don tun ina ɗalibi nake mafarkin wannan aji.

Shugaban sashenmu, wanda kowa ke kira Shef, shi ya koya mini wannan darasin a da. Bafulatani ne dogo, dattijo, kullum cikin farar riga, ba ya ɗaga murya kuma ba ya maimaita magana. Ranar da na kama aiki ya miƙo mini takardun darasin, waɗanda gefensu ya yi ja don tsufa, ya ce, "Ɓingel am, ka bi su layi-layi, ba za ka ji kunya ba." Ɗana ke nan da Fulatanci, haka yake kirana. Na gane takardun tun kafin in buɗe. Su ne ya karanta mana, shi ma wani Bature ne ya karanta masa.

Dikte muke ce wa wannan koyarwa. Malam ya tsaya ya karanta da Faransanci, ɗalibai su duƙa su rubuta, har waƙafi da aya sai an faɗa musu inda za su sa. In lokaci ya cika sai malam ya ce, "Akwai tambaya?" Babu wanda ke jiran amsa, shi kansa malamin yana faɗa yana tattara jakarsa. A jarrabawa su mayar maka da kayanka yadda ka ba su, ko wasali bai ɓata ba.

Haka na fara ni ma, har ranar da na kai su gonar makaranta. Na damƙo ƙasa na jiƙa ta, na miƙa musu, na ce kowa ya murza ya gaya mini wace iri ce, kuma me zai ce wa manomi ya shuka a kanta. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Yaran da suka cinye maki a takarda suka tsaya suna kallon takalmansu, alhali rabinsu a gona aka haife su. Raina ya ɓaci. Waɗannan ne fa za a raba wa babura a tura su ƙauyuka su ba manoman auduga da dawa shawara.

Ba daƙiƙai ba ne, wannan na tabbata. Kunya ce. An tashe su a kan cewa yaro ba ya kallon idon babba, balle ya ce masa ban gane ba, don wannan tamkar ce masa bai iya bayani ba ne. Ga kuma zamanin da muke ciki, wanda mai yawan tambaya ba ya daɗewa a wuri. To ni ɗan mahauta ne, a rumfar fawa na girma, inda in ba ka buɗe baki ba sai a bar ka da ƙashi. Na roƙe su su yi tambaya, sun ƙi. Na yi alkawarin ƙarin maki, sun ƙi. Na yi faɗa har na buga tebur, sai suka ƙara sunkuyar da kai, suka ce, "Ka yi haƙuri, Malam." Haƙurin nan ya fi komai ƙona mini rai.

Wata ranar da la'asar na tsaya wurin mai shayin bakin ƙofar makaranta, a bayan wani dogonyaro, sai na ji muryar da ban taɓa ji ba tana ta zuba. Na leƙa. Wani ɗalibina ne, Babarbare ɗan Kolofata, mai tsage a fuska, wanda a aji ko tari ba ya yi. Ya sa wani ɗan ajinsu Bafulatani gaba.

"Kai Fulata, me ka sani a ƙasa ban da inda saniya ta yi kashi? Takardar Malam ta ce laka sai an yi mata magudana an fitar da ruwa. Kai kuma ka haddace kamar Fatiha! In tsohona ya fitar da ruwan da ke kan lakarsa, me za mu dasa masakwa a kai? Mu har shinge na ƙasa muke yi don mu tsare ruwan."

Bafulatanin ya ce, "Bawana, ku da kuka bari aka zana muku fuska kamar allo, ku ne za ku gyara wa Bature rubutu? Ai shinkafar Yagwa ma magudana ake yi mata."

"Shinkafa a cikin ruwa take tsaye, ita masakwa dawa ce da sai bayan damina ake dasa ta, ruwan da laka ta sha shi take rayuwa da shi har girbi. Ka ga bambancin, ko sai na kawo maka a ƙwarya?"

Na tsaya da kofin shayina har ya huce. Abin da na yi wata da watanni ina nema ga shi nan ana yinsa kyauta a gindin bishiya. Kuma Babarbaren yana da gaskiya: takardun an rubuta su ne don ƙasar da ruwa ya yi wa yawa, mu kuwa nan kowane ɗigo sai mun riƙe shi.

Kowa a arewa ya san wasan Fulani da Barebari. Babarbare zai iya tsayawa gaban Bafulatanin da ya haife shi, ya kira shi bawansa, ya faɗa masa abin da ko ɗan'uwansa ba zai iya ba, kuma dole Bafulatanin ya yi dariya ya rama. In ya yi fushi shi ya ji kunya. Wannan ita ce ƙofa ɗaya tak da al'ada ta bari a buɗe cikin katangar kunya, ni kuwa na ƙudura ta nan zan shigar da darasina.

Washegari ban buɗe takardun ba. Na ce Fulani su koma dama, Barebari su koma hagu. Sauran ƙabilu, Masa da Tupuri da Mundan da 'yan kudu, na ce kowa ya nemi abokin wasansa in yana da shi, wanda ba shi da shi ya ara. 'Yan kudu suka ce su Barebari ne daga yau, saboda sun lura ɓangaren ya fi baki. Na rubuta jumlar magudana a allo, na ce wa ɗan Kolofata, "Jiya na ji kana koyar da bawanka a wurin mai shayi. Maimaita." Ya zaro ido kamar an kama shi da sata. Amma da Bafulatanin ya ce, "Malam, ƙyale shi, Barebari sai a bayan ido," sai ya miƙe. Ranar har lokaci ya wuce ba wanda ya duba ƙofa.

Na kafa doka guda: ka tsokani abokin wasanka yadda ka ga dama, amma kowace tsokana sai ta zo da hujja, daga gona ko daga gwaji ko daga littafi. Wanda ya yi zagi babu hujja, ɓangarensa ya faɗi. Nan da nan yaran da ba su taɓa leƙa ɗakin karatu ba suka fara yini a ciki, ba don Allah ba, don kada a kunyata su gobe. Suka riƙa zuwa da ƙasa a leda daga garuruwansu. Ni ma suka samo mini gurbi. Wani ɗan masunta daga Lagdo ya tuna cewa mahauta abokan wasansu ne, ya miƙe ya ce, "Malam, wannan bayanin naka duk kitse ne, ina tsokar?" Na sake bayanin daga farko, kuma na biyun ya fi kyau.

Mutum ɗaya ce ta gagare ni. Wata Bafulatana ce daga unguwar Dugoi ta Marwa, mai zama a layin gaba, lulluɓe har goshi. Takardunta sun fi na kowa, amma in Babarbare ya tsokane ta sai ta rufe baki da gefen mayafi, ta raɗa wa ta kusa da ita amsa, ita ta faɗa. Amsar kullum daidai. Na taɓa ce mata, "Ke, wannan ilimin naki fa ba za ki je ƙauye da mai faɗa miki shi ba." Ta ce, "To, Malam," idonta a ƙasa. Daga baya na ji cewa Shef ɗan'uwan mahaifinta ne na nesa, Baaba take kiransa.

Ba a daɗe ba ƙorafi ya fara. Malaman da ke maƙwabtaka da ajina suka ce na mayar da makaranta kasuwar shanu. Abin da ya fi ba su haushi, yaran sun fara ɗaga hannu a nasu azuzuwan. Wani abokin aikina ya tare ni a baranda ya ce, "Kai ɗan fawa, ka ja wa yaranka kunne. Jiya wani ya tambaye ni dalilin wata ƙa'ida. Dalili! Ni aka gaya mini dalili?" Na ce masa ya je ya nemo, ai ba a rufe ɗakin karatu ba. Bai sake gaishe ni ba sai da aka yi sallah.

Shef ya kira ni ofis. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce mun yi baya a manhajar karatu, kuma jarrabawar ƙarshe abin da ke cikin takardun za ta tambaya. Sannan ya rage murya ya ce, "Ɓingel am, kai yaro ne. Na ga abin da ke samun ɗalibin da ya koyi ɗaga murya a ƙasar nan. Yau ya tambayi malam, gobe ya tambayi darakta, jibi yana bayan mota an ɗaure masa hannu. Ni nake zuwa gaya wa iyayensu. Ka bar su su karɓi takardarsu su tafi lafiya."

Na san ba ƙarya yake yi ba, kuma na san don tausayi ya faɗa. Amma na ce, "Ranka ya daɗe, in sun tafi lafiya suka je suka sa manomi ya zubar da ruwan gonarsa, wa zai je ya gaya wa iyalin manomin?" Ya ce zai zo ajin da kansa ya gani. In ya tarar da dikte, shi ke nan. In ya tarar da kasuwa, zai karɓi darasin.

Abokan arziki suka ba ni shawarar da kowa ya sani: ranar da zai zo ka yi masa dikte mai kyau, in ya tafi ka koma harkarka. Ko ɗaliban sun zo sun same ni suka ce, "Malam, za mu yi maka shiru, wallahi ko numfashi ba zai ji ba." Wannan tayin nasu shi ya ƙarasa yanke mini shawara. Ni da nake so in koya musu faɗin abin da suka gani, in fara da koya musu ɓoye shi? Na ce musu ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kowa ya zauna a ɓangarensa.

Ya zo da safe, ya zauna a bayan aji, ya ɗora hularsa a gwiwa. Na rubuta tambayar ranar a allo: me ya sa laka ke tsagewa da rani, kuma tsagewar amfani ce ko illa? Na juyo. Shiru. Shirun da na ɗauka na binne shi ya dawo da ƙarfinsa. Fulani sun sunkuya saboda babbansu na wurin, sauran sun sunkuya saboda Fulani sun sunkuya. Takardun dikte na kan tebur, hannuna na kusa da su, kuma ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Amma na harɗe hannuwa na jingina da allo, na ce a raina ko za mu kai azahar a haka sai dai mu kai.

Sai ɗan Kolofata ya miƙe. Bai dube ni ba, ya juya baya gaba ɗaya, ya fuskanci Shef.

"Malam, yau ga babban bawana ya zo da kansa, bari in tambaye shi. Baba Fulata, an ce kai ka ba Malam takardar da ta ce a fitar da ruwa daga laka. To ku da kuke bin saniya ba ku taɓa dasa ko tsinke ba, wa ya gaya muku? In an fitar, masakwar da kuke zuwa roƙon kararta da rani, da nono za mu shayar da ita?"

Wata 'yar kudu ta dafe kai. Gefen bakin Shef ya motsa, don ba shi da zaɓi: dattijon Bafulatani ba ya fushi da Babarbare a gaban jama'a. Ya ce, "Ashe har yanzu ba a 'yanta ku ba kuke da wannan bakin? Matsa, bawan banza, in nuna maka abin da kakanka bai sani ba."

Ya taso ya karɓi alli daga hannuna. Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba, ni da na zauna a gabansa shekara da shekaru. Ya zana yadda laka ke kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, yadda ruwan farko ke bin tsagar ya sauka can ƙasa inda saiwar masakwa za ta same shi. Ya ce Babarbaren ya yi gaskiya a kan lakar garinsu, amma ya yi kuskure da ya ɗauka duk laka ɗaya ce, ya kawo misalin wadda gishiri ke taso mata in ruwa ya kwanta. Yaran suka manta da wanda ke gabansu, suka yi ta jefa tambaya, yana amsawa, alli ya ɓata masa farar riga. Ashe a kan lakar masakwa ya yi bincikensa tun yana saurayi, ya yi damina da rani a ƙauyuka.

Kowa ya fita yana murna, ban da ni. Ni haushi ne ya cika ni. Wannan mutumin yana da wannan duka a cikinsa, amma ya tsaya a gabanmu shekaru yana karanta mana ruwan wata ƙasa.

Na ɗauka duk da haka na yi nasara. Da yamma ya kira ni, ya riga ya canza riga. Ya ce, "Na tarar da kasuwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka fi kowa ciniki a cikinta." Bai yi dariya ba, ni ba abokin wasansa ba ne. Ya ce abin da ya gani ya ƙara tsorata shi, don yaron da ya iya juyowa ya fuskance shi zai iya fuskantar wanda bai san wasa ba. Daga mako mai zuwa shi zai riƙe darasin. Ni an mayar da ni ɗakin gwajin ƙasa, in riƙa tankaɗe da awo. In ina son ajina, in zo in ba da haƙuri a gaban malamai, in yi alkawarin komawa dikte. Na ce masa ba zan ba da haƙuri a kan ranar da ya fi kowace rana iya koyarwa ba. Na fita ban jira sallama ba, ina isa gida na rufe ƙofa na yi kuka, don ina son ajin nan.

Ɗakin gwajin bango ɗaya ne ya raba shi da ajin, kuma saman bangon a buɗe yake don iska. Ranar da Shef ya fara, ina zaune da rariya a hannu ina jin komai. Ya ce kowa ya koma mazauninsa na da. Ya ce wasa ya ƙare, daga yau babu Bafulatani babu Babarbare a nan, ɗalibai ne kawai, wanda ya tsokani wani zai bar makarantar. Ya toshe ƙofar da na shigo ta cikinta, kuma ya san abin da yake yi. Sannan ya fara karantawa da muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka, na ji alƙaluma suna bin takarda. Na ce a raina shi ke nan, na yi aikin banza.

Can sai karatun ya tsaya. Na ji an ja benci. Wata siririyar murya, wadda sai da na kasa kunne na gane ta, ta ce, "Baaba, mi faamaay." Wato ban gane ba. Yarinyar Dugoi ce. Ba da Faransancin aji ta faɗa ba, da harshen gidansu ta faɗa, ga mutumin da ko sunansa ba ta iya kamawa. Ba Babarbariya ba ce, ba ta da wata al'ada da za ta fake a bayanta.

Ya ce, "Jooɗa." Zauna.

Ban ji ƙarar benci ba. Na ajiye rariyar, na taka kujera na leƙa ta saman bangon kamar ɓarawon kaji. Tana tsaye, idonta a ƙasa yadda ta saba. Ta ce, "Ka ce gishiri na tasowa in ruwa ya kwanta. Yanzu ka karanta mana cewa ruwa na wanke gishiri. In na je ƙauye wanne zan faɗa? In na gane zan zauna." A bayanta hannu ɗaya ya tashi, sannan wani.

Shef ya dubi takardun da ke hannunsa. Ya ɗago, sai idonsa ya faɗa kan kaina da ke saman bango. Ban sauka ba, ban kuma sunkuya ba. Ya kife takardun a kan tebur, ya ce wa na layin gaba ya miƙo masa alli.

Bai mayar mini da ajin ba har ya yi ritaya, ni ma ban ba shi haƙuri ba. Na yi shekaru ina tankaɗe ƙasa a wancan ɗakin, kuma ban taɓa roƙon a canza mini wuri ba, don daga nan ana jin duk tambayar da aka yi masa.